Hannun Strahinja a Bakin Ƙofa

Ranar da Tijana ta fara ganin Ognjen, mari ta so ta kwaɗa masa. Ta tarar da shi a jikin bangon gidansu a unguwar Zemun, gwangwanin fenti a hannu, yana rubutu cikin da'irar maganar da yayanta Strahinja ya bari babu komai.

Zane ne irin na littattafan barkwanci: saurayi mai fatan-fatan kunnuwa, hannu a aljihu, baki buɗe. Hoton kansa ne Strahinja ya zana, amma kafin ya rubuta abin da zai faɗa, kogi ya tafi da shi.

"Kai! Aikin mamaci ne wannan, makaho ne kai?"

Gwangwanin ya suɓuce wa Ognjen. Duk mai zanen titi ya san ba a taɓa bangon mamaci.

"Na rantse ban sani ba, 'yar'uwa."

"Ni ba 'yar'uwarka ba ce. Ɗan'uwana ga shi nan, ka ɓata shi."

Ya yi ta zuwa yana kankare rubutun da ɗan buroshi har ya fita tas. Ita kuwa da ta ce ba ta son ganinsa, sai ga ta tana miƙo masa kofi ta taga. Daga nan zance ya yi tsawo.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Radovan ya ce sam. "Wanda ya cusa wa ɗana magana a baki ba zai ci burodi a gidana ba. Kuma wa zai fito da ke? Amarya ɗan'uwanta ke riƙo hannunta ya miƙa ta."

Ta tura wa Ognjen saƙo tana kuka: "Makahona, ka haƙura da ni. Baba ba kai yake ƙi ba, ƙofar da zan fita ba yayana yake tsoro."

Ya amsa: "Mai kofina, ina nan. Ba ni da wajen zuwa."

Hunturu ya zo, ƙanƙara ta cinye rabin fuskar Strahinja a zanen bangon. Radovan ya ɗauko fenti zai gyara, sai ya dagula kunne guda. Tijana ta same shi zaune a ƙasa yana kuka kamar yaro.

"Kira min yaron nan," ya ce.

Ognjen ya maido da fuskar yadda take. Sannan ya roƙi izinin ƙara abu ɗaya tak. Radovan ya yarda, ya kuma amince da auren.

Ranar ɗaurin aure Tijana ta leƙo cikin farar riga, ta tsaya cak. Hannun Strahinja ya fito daga aljihu, ya miƙo har bakin ƙofa, tafin a buɗe. Ta ɗora nata a kai, hawaye na zuba, ta taka waje.

Wani daga cikin dangi ya ce, "Ango, ka manta da'irar, har yanzu ba rubutu."

Radovan ya haɗa hannun Tijana da na Ognjen.

"Ku bar ta haka, ni na ji abin da ya ce. Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana."