Ridi a Kwalin Gem

Sufeto Shehu Ɗan'auta na ofishin 'yan sanda na Birnin Kudu ya ga sata iri-iri, amma bai taɓa ganin ɓarawon da ya bar tukuici ba sai ran nan.

Mai ƙarar Jamaluddeen ne, mai shagon gem na bayan tasha, inda yara ke biya su buga wasa a talabijin. Na'urarsa ce ta lalace, da an kunna sai ta ɗau zafi ta mutu. Dillalinsa na Kano ya aiko masa sabuwa, da sharaɗin ya mayar da matacciyar. Ya sa ta a kwali ya ba direba Maikuɗi. Da aka buɗe kwalin a Kano, sai ga ƙullin ridi. Yanzu dillali ya ce ko tsohuwar ta fito, ko ya zo ya ɗauke sabuwar, shago ya rufe ke nan.

Sufeto ya kwance ƙullin da aka dawo da shi. Ridi ne fari tas, an sheƙe, ko tsakuwa ɗaya babu.

"Ɓarawo dutse yake sakawa," in ji shi. "Wannan biya ya yi."

A tasha Maikuɗi ya rantse har da dafa ƙirji, wai idonsa bai bar kwalin ba tun da aka ba shi.

"Azahar fa?" in ji Sufeto. "Da shi ka shiga masallaci?"

Nan fa Maikuɗi ya hau kame-kame. Daga baya ya amsa cewa ya bar wa wani dattijo gadin motar, mutumin wajen Gwaram, mai buhu a kafaɗa.

Sufeto ya koma shago ya tambayi Jamaluddeen wa zai damu da mataccen ƙarfe. Yaron ya ce da abokinsa Ubaidullahi suka buɗe shagon, Ubaidullahin ne ya sayi duk wasannin da ke ciki ta intanet, kuma zazzaɓi ya ɗauke shi daminar bara. Tun daga lokacin mahaifinsa, Baba Iliyasu, manomin ridi a Kwandiko ta wajen Gwaram, yake zuwa duk ranar kasuwa. Ba ya wasa, ba ya magana. Gefen benci yake zama ya kalli ƙwallon da yara ke bugawa a talabijin har la'asar.

A Kwandiko dattijon ya tarbi Sufeto da kofur ɗinsa da ruwa da fara'a, ya ce shi bai san gem ba, bai san mai gem ba. Ƙarya dai ba sana'arsa ba ce, don yana magana yana waiwayen ƙofar ɗaki. Sufeto ya leƙa. A kan gado ga wani abu an naɗe da rigar shadda ta saurayi, wutsiyar waya ta leƙo ta ƙasa.

Dattijon bai yi gardama ba. Har Birnin Kudu a ƙirji ya rungumo na'urar, ya hana kofur ya taɓa. Sai a cikin shagon ya buɗe baki.

"Na ji an ce za a kai ta Kano a farke. Ɗana yana ciki, ranka ya daɗe. Na binne shi sau ɗaya, ba zan iya na biyu ba."

Jamaluddeen ya durƙusa gabansa, hawaye sharkaf. Ya ce da ya san abin da ke ransa ke nan, da tuni ya faɗa masa. Abin da Ubaidullahi ya saya ba a cikin ƙarfen yake zaune ba, yana ajiye ne a asusunsu na intanet, duk na'urar da aka shigar da suna da lambar sirri sai ya sauko. Sufeto, wanda ko saƙon waya sai 'yarsa ta buɗe masa, ya ce a nuna masa ya gani da idonsa.

Aka kunna sabuwar. Fili ya bayyana kore shar, 'yan wasa suka fito a jere. A tsakiyarsu ga wani dogo baƙi, da tabo a girar dama, an rubuta Ubaid a bayan rigarsa. Marigayin ne ya ƙera shi da kamanninsa. Ya ɗaga kai, ya yi murmushi, ya sheƙa da gudu.

Sufeto ya ƙura wa talabijin ido. Bai san lokacin da ya cire hularsa ba.

"Ikon Allah," ya ce a hankali.

Baba Iliyasu ya dubi abin da ke ƙirjinsa, ya dubi talabijin. Sannan ya kwance rigar, ya miƙa wa Jamaluddeen ƙarfen, ya naɗe rigar ya riƙe abarsa.

Jamaluddeen ya ce ya janye ƙara. Sufeto ya ce ya ji, amma dole a je ofis a rubuta bayani. Ankwa dai ba ta fito daga aljihu ba.

"Ranka ya daɗe, bari ya ci ƙwallo ɗaya tukuna," in ji Baba Iliyasu.

Sufeton da bai taɓa jiran wanda ake tuhuma ba ya jawo benci ya zauna. Da ƙwallon ta shiga raga, ya kama hannun dattijon suka miƙe. A bakin ƙofa Baba Iliyasu ya waiwayo ya dubi Jamaluddeen.

"Ku riƙa ba shi hutu, ɗan nan. Tun yana ƙarami ƙafarsa ta hagu take ciwo."