Tsoho Mai Shara da Bangon Makaranta

A wani gari, can da daɗewa, an yi wani tsoho mai sharar makaranta. A bangon zauren makarantar akwai wani zane na ja da shuɗi da baƙi, ba siffar mutum, ba ta dabba. Mai zanen ya shekara uku yana yinsa, sannan ya rasu. Kullum tsoho sai ya kakkaɓe zanen da gashin zabo.

Ran nan za a yi baƙi, sai hedimasta ya miƙa masa bokitin farar ƙasa, ya ce, "Baba, shafe mana wannan jagwalgwalo."

Ran tsoho ya ɓaci. Ya ce, "Jagwalgwalo? Malam, a gabana bawan Allah ya ƙarar da idonsa a kan bangon nan! Ba na shafe shi."

"To, bakin aikinka."

"Na ji. Ba na shafe shi!"

Ya ajiye tsintsiya, ya jingina bayansa da bango. Hedimasta ya kirawo magina. Duk wanda ya ɗauki burushi, ya dubi tsoho, sai ya ajiye. Tsoho ya rasa aikinsa, amma farar ƙasar nan a bokiti ta bushe.