Dokas da Makullin Rumbu

Ranar wata Lahadi, bayan an tashi daga sujada, wani saurayi ya tara manoma a gindin ɗorawar da ke bayan majami'a yana nuna musu abu a wayarsa. Sunansa Japhet, mai gyaran waya da sola ne a Makoda. Abin da yake nunawa wata manhaja ce da ya haɗa mai suna Rumbu. Manomi zai danna, ta yi masa magana da Hausa, ta faɗa masa farashin hatsi a Dawanau da lokacin shuka.

Ya danna hoton wata zangarniya, muryar ta ce, "Wannan gero ne."

Sai aka ji dariya daga baya. Dokas ce, 'yar Baba Shago, wadda ta gama difloma a fannin noma ta dawo gida tana taya mahaifinta.

"Maiwa ce, ɗan'uwa," in ji ta. "Duk wanda ya jira ta nuna lokacin gero, zai sha zama."

Dattawa suka bushe da dariya. Japhet ya ɗago kai da niyyar kare kansa, amma da idonsa ya sauka a kanta sai ya sassauta murya.

"To, ko za ki gyara?"

"Ni kuma? Ai ba tawa ba ce."

"Ta kowa ce. Buɗaɗɗiya ce, ba a sayar da ita. Duk wanda ya ga kuskure yana da ikon sa hannu."

Ta ba shi lambarta don ya saka ta a zauren masu aikin. Kafin ya isa Makoda ya tsaya sau biyu a hanya yana duba ko ya rubuta lambar daidai.

Zauren na WhatsApp ne, mutum goma sha ɗaya, kuma shiru kamar gidan da aka yi ƙaura. Dokas ta lura cewa baƙo zai shigo ya yi sallama, a bar shi babu amsa, bayan kwana uku ya fice. Sai ta ɗauki nauyin tarbar kowa. Ta jera ƙananan ayyuka waɗanda ba sai wanda ya iya kwamfuta ba: ɗaukar hoton ƙwari, tambayo farashi, naɗo muryar tsofaffi suna faɗin sunayen iri. Ita da kanta ta bi gida-gida, aka bambance mata ƙaura da farafara a irin dawa, ɗan'ila da kanannado a irin wake. Duk wanda ya kawo abu, ko kalma ɗaya ce, sai ta ambaci sunansa ta yi masa godiya a gaban kowa.

Cikin wata huɗu zauren ya haura mutum hamsin. A cikinsu akwai Naziru, ɗalibin kwamfuta daga Bagwai, da Aina'u, malamar gona.

Wata safiya saƙon Japhet ya shigo mata ita kaɗai:

"Malamata, barka da asuba. Shekara biyu ina kiran mutane ba su zo ba, ke kin kira sau ɗaya sun cika gida. Ni ma tun ranar ɗorawa na amsa kiranki, ban dai san ko kin lura ba."

Ta karanta sau uku tana tsaye da tsintsiya a hannu. Sai da rana ta yi sannan ta amsa:

"Injiniya, na lura. Amma ka sani, ni ba a zance da ni a waya kawai. Gidanmu yana da ƙofa."

Ya zo, ya kuma zuwa. A zuwa na uku Baba Shago ya sa aka kira shi.

"Yaro, an ce kai ka yi abin nan na waya. Me kake samu a ciki?"

"Babu komai, Baba. Kyauta ne. Ina da shagona, ina kuma noma gonar marigayi mahaifina."

"Mutum ya ɓata shekara biyu a kan aiki ya raba wa duniya? Gobe in ka noma hatsi, shi ma haka za ka yi da shi?"

"Baba, ba ni kaɗai ba ne. Muna da jama'a."

"Jama'ar cikin waya?" Tsohon ya girgiza kai. "Ranar da ka kwanta, wa zai leƙo ka a cikinsu? Je ka, na ji."

Akwai dalilin da ya sa Baba Shago ya taurare. Reuben, wani matashin ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, ya riga ya aiko da gaisuwa. Yana da shago da mota, kuma ba a san shi da wani mugun hali ba. Reuben ɗin ya taɓa samun Japhet ya nemi ya sayar masa da Rumbu, a rufe ta, ta riƙa nuna farashin shagonsa kawai. Japhet ya ce ba zai iya sayar da abin da ba nasa shi kaɗai ba.

Wannan amsa ta ƙara wa Dokas sonsa. Sai dai akwai abin da ke damunta. Duk aikin da aka turo, sai ya bi ta hannun Japhet kafin ya shiga manhajar, domin shi kaɗai ke da kalmar sirrin, wadda suke kira makulli. Gyaran Naziru ya yi wata biyu yana jira. Aikin da ma ya duba, sai ya warware shi ya sake rubutawa yadda yake so.

Ita ma ta zauna mako uku tana koyon rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, a wurin Naziru, har ta haɗa wani ɗan maɓalli da zai maimaita magana a hankali saboda tsofaffi masu nauyin ji. Ta tura cike da murna. Bayan kwana biyu maɓallin ya fito a manhajar, an sake masa fasali, kuma sunan Japhet ne a kai.

Ta same shi a shago yana kwance wata waya.

"Ina aikina?"

"Ga shi nan ya shiga. Akwai 'yan kurakurai, sai na ga gara in gyara da in wahalar da ke."

"Da ka nuna mini, ai da na koya. Ka ce wa Reuben ba taka ba ce kai kaɗai, amma ka rungume ta kamar kaza a kan ƙwai. Mutane sun gaji, Japhet."

Sunan Reuben ya soke shi, domin an gaya masa an gan ta a shagon Reuben ɗin ranar Alhamis.

"Na ga alama kin fi jin maganarsa yanzu. Ko a shagonsa aka koya miki wannan?"

Dokas ta dube shi. Farashin wake ta je tambayowa saboda Rumbu, kuma shago tara ta shiga a ranar. Amma ba ta ga dalilin yi masa bayani ba.

"Na gode," ta ce, ta juya.

Da yamma ta fice daga zauren. Ba ta kira kowa ya bi ta ba, amma cikin mako biyu wurin ya koma shirunsa na da. A gida kuwa Baba Shago ya fara maganar sa wa iyayen Reuben rana. Dokas ta roƙi a bar ta sai bayan kaka. Ta rame, har Innarta ta fara tambayar ko zazzaɓi ne.

Ana dab da girbin gero, Japhet yana dawowa daga gyaran sola bayan an ɗauke ruwa, babur ya zame da shi, hannunsa na dama ya karye. A makon ne kuma Rumbu ta tsaya. Farashi ya daina sabuntawa, ta yi ta maimaita tsohon farashi, wanda ya yi ƙasa da na kasuwa. Masu saye suka shigo ƙauyuka, wasu manoma suka sayar da ragowar tsohon hatsinsu da arha suna cewa ai waya ta faɗa.

Naziru ya gano matsalar cikin awa ɗaya, amma ba shi da hanyar shiga.

Saƙo ya shigo wa Dokas, an rubuta shi da hannun hagu, duk haruffa sun karkace:

"Dokas, na yi miki laifi biyu. Na ɗauke sunanki, na kuma zarge ki. Tsoro nake kada a ɓata abin da na gina, ga shi ni na ɓata shi da kaina, har ya cuci mutanen da na yi dominsu. Ko ba za ki yafe mini ba, ki zo ki karɓi makullin."

Ta zauna a bakin rijiya ta yi kukanta. Sannan ta wanke fuska, ta nemi izinin Inna, ta hau motar Makoda.

Ta tarar da shi a kan tabarma, hannu a ɗaure da karan ɗori, mahaifiyarsa tana yi masa fifita. Bayan sun gaisa, ya miƙo mata wata takarda da ya rubuta kalmar sirrin a ciki.

"Ba zan karɓa ni kaɗai ba," in ji ta. "In na riƙe ni ɗaya, me ya canja? Mu huɗu za mu riƙe: ni, da kai, da Naziru, da Aina'u. Kuma daga yau, in aikin mutum yana da gyara, a nuna masa ya gyara da hannunsa, sunansa ya zauna a kai."

"Na yarda. Sauran laifin fa?"

"Sannu da hannu, Injiniya," ta ce a hankali, tana kallon ƙasa. "Ka tsorata ni."

Kafin la'asar Naziru ya gyara matsalar. Dokas ta koma zauren, ta rubuta gaskiyar abin da ya faru ba tare da ɓoye komai ba, Japhet ya naɗi muryarsa ya ba manoma haƙuri. A ƙarshe ta ƙara layi ɗaya: geron Japhet ya nuna, kuma babu mai girbe masa.

Ranar Asabar Baba Shago ya hau kekensa zai je Makoda sayen igiya. A bakin hanya ya ga babura sun fi ashirin an jingine, gona kuma cike da mutane, Musulmi da Kirista, wasu na girbi, wasu na yankan kai, mata na ɗaure dami. Ya hango 'yarsa tana raba kunu. Ya sauka ya tare wani saurayi.

"Ɗana, gonar wa ce wannan?"

"Ta Japhet ce, Baba. Ni Naziru, daga Bagwai. Waɗancan daga Dawanau suke. Yawancinmu yau muka fara ganin fuskar juna."

"Su wane ne ku a wurinsa?"

"Tare muke aikin Rumbu."

Tsohon ya daɗe yana kallon damman da aka jera.

"Ashe gayya ce kuke yi," ya ce. "Da haka ya ce mini tun farko, ai da na gane."

Ya jingine kekensa, ya naɗe hannun riga, ya ce a ba shi wuƙa. Sai da aka ɗaure damin ƙarshe ya nufi inda Japhet ke zaune a inuwa. Saurayin ya yunƙura zai durƙusa.

"Zauna, kada ka ƙara karya ɗayan. In ka warke, ka turo magabatanka."

Baba Shago da kansa ya je ya ba iyayen Reuben haƙuri. Reuben ya ji zafi, ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwar kowa daga ƙauyen. Daga baya dai ya aiko da buhun shinkafa gudummawar biki.

An ɗaura auren mako guda kafin Kirsimeti. Aina'u ce ta yi wa amarya lalle, Naziru ya kawo mahauci Musulmi daga Bagwai ya yanka sa don kowa ya ci hankali kwance. Majami'a ta cika har waje, waɗanda ba su shiga ba suka zauna a kan benci suna jiran fitowar ango da amarya.

Da suka fito, Dokas ta durƙusa a gaban mahaifinta, Japhet ya durƙusa kusa da ita. Baba Shago ya ɗora hannuwansa masu kanta a kan kawunansu. Ya share ido da gefen rigarsa.

"Ita ce ƙarfina a gona, ita ce mai yi mini gardama a gida," ya ce. "Na ba ka duka biyun. Ubangiji ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙai, ya sa ku tsufa tare kuna dariya."

"Amin!" jama'a suka amsa baki ɗaya, guɗa ta tashi ta ko'ina.

Japhet ya miƙa hannun da ya warke, ya ɗago matarsa.