Ƙauyen da Bai Taɓa Ƙorafi Ba

Da hantsi Shirwa ta Sha Bakwai ta karkata fikafikanta wajen rana, ta sha hasken da zai riƙe ta yini guda, ta ci gaba da shawagi a saman Rafin Ɗinya kamar yadda ta saba shekara uku. Na'ura ce mai faɗin rumfar kasuwa, aikinta ta karɓo intanet daga Sabon Birni ta watso wa wayoyin da ke ƙarƙashinta. Tun shekarar 2088 aka daina kafa dogayen ƙarafan sabis a karkara, shirwoyi suka gaje su. Fitilar cikinta kore ce shar, alamar komai lafiya. A ƙasa kuwa, a ɗakin tiyatar ƙaramin asibitin garin, hannun ƙarfe na likita ya ɗaga, ya ɗan yi rawa, ya tsaya cak a iska.

Kubura, malamar asibitin, ta dubi allon da ke jikin bango. Fuskar Dakta Mamuda ta daskare a kai, bakinsa a buɗe, rabin maganarsa ta maƙale a hanya. Likitan yana Sabon Birni, kilomita ɗari uku daga nan, daga can yake sarrafa hannun ƙarfen da yatsunsa. Aikin ido ba ya ɗaukar jinkiri, don haka na'urar ba ta yarda ta taɓa mutum sai gudun intanet ya kai megabit ɗari biyu. Rafin Ɗinya uku take samu, ranar da abin ya yi kirki huɗu.

Wanda ke kwance a gadon Baba Cindo ne, mai unguwar garin. Idonsa na hagu ya tafi tun bara, na dama kuma ruwa ya taru a ciki yana danne jijiyar gani. Sau biyu ana ɗaga aikin saboda sabis. Da muryar likitan ta dawo a yayyanke, abin da Kubura ta tsinta shi ne zai jira har la'asar. In aka wuce yau ba ya jin akwai sauran abin da za a ceto, layin asibitocin birni kuwa ya kai wata biyu.

Kubura ta kira ofishin kamfanin da ke da shirwoyin har ta gaji, kullum amsa ɗaya: taswirarsu ta nuna Rafin Ɗinya kore, ba matsala. Shi ya sa jiya ta nemo lambar Saude, wadda suka yi makarantar kwana tare, yanzu kuma babbar injiniya ce a kamfanin. Saude ba ta da haƙurin jin an ce kayanta ba ya aiki. Tun asuba ta hau babur ɗinta mai lantarki, wajen sha ɗaya ta iso, ta cire hular kwano, ko ruwan da aka kawo mata ba ta kalla ba.

Ta fara daga inda kowane mai gyara yake farawa. Ta buɗe kwamfutarta a barandar asibitin, ta shiga cikin bayanan shirwar. Batir a cike. Sola tana jan wuta yadda ya kamata. Eriya na kallon inda aka saita ta, ba hadari, ba tsauni a tsakani. Ta auna hanyar da ta taso daga birni, ta tarar da ita a buɗe, ko ƙauye goma za ta ɗauka. Ta ƙirga wayoyin garin, ɗari tara da 'yan kai, ba abin da zai sa shirwa nishi. Ta kashe na'urar ta kunna, tsohuwar dabarar da ba injiniyan da ke son a gan shi yana yi. Lamba ta dawo: uku.

"Komai lafiyarsa ƙalau," ta ce, tana murza goshi. "Intanet ɗin yana zuwa har bakin ƙofa, ana dai hana shi shigowa ne."

"Wa ke hanawa?" in ji Kubura.

Abu ɗaya ne kawai ya rage wa Saude ta duba, kuma nata ne. Sunansa Mai-Rabo, manhajar da ke raba gudun intanet tsakanin garuruwa. Ita ta ƙirƙire shi, kuma ta gina shi a kan tunanin da har yau take alfahari da shi: maimakon wani babba a ofis ya yanke wa mutane abin da ya ishe su, a tambaye su da bakinsu. Kowace rana Mai-Rabo yana magana ta wayar kowa, cikin Hausa mai daɗi, ya ji yadda sabis yake. Inda aka koka ya ƙara, inda aka gamsu ya rage ya kai wani wuri. Har lambar yabo aka ba ta a kai.

Ana gama sallar azahar wayar Baba Cindo ta yi ƙara a gefen gado.

"Salamu alaikum, Baba Cindo. Mai-Rabo ne. Yaya sabis yau?"

Tsohon ya gyara kwanciya, ya sa murmushin da ake yi wa baƙo. "Wa alaikumus salam. Lafiya lau, mun gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri, yaya ƙoƙari?"

Saude ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa. Mutum yana dab da makancewa saboda sabis, yana gode wa sabis. Ta koma kwamfutar da sauri, ta buɗe amsoshin garin na shekara uku. Lafiya lau. Alhamdulillahi. Ba laifi. Sai godiya. A cikin dubban amsoshi murya ɗaya ce ke faɗa, ta Kubura, wadda dama ba 'yar garin ba ce. Mai-Rabo ya fara su da megabit ɗari uku, ya ɗan rage, aka gode masa, ya ƙara ragewa, aka ƙara gode masa, har ya kai su uku.

Kunya ta kama Saude, kunya sosai. A birni ta gwada manhajar, inda in hoto ya yi jinkirin daƙiƙa biyu mutum zai zazzage wa waya bala'i. Ba ta taɓa tunanin kakarta ba, wadda ko zazzaɓi na kaɗa ta, in ka gaishe ta sai ta ce da sauƙi.

"To ki gyara mana," Kubura ta ce. "Ba ke kika yi shi ba?"

"Ni na kulle shi. Na hana kowa taɓa rabon da hannu, har ni, don kada manya su riƙa ja wa unguwanninsu. Sai kwamiti ya zauna, kwana uku ke nan." Ta dubi agogo. "Hanya ɗaya ce. In rabin wayoyin gari suka yi ƙorafi cikin awa guda, yana ɗaukarsa a matsayin gaggawa, nan take yake ƙarawa."

Ta shiga ta durƙusa gefen gadon, ta yi wa Baba Cindo bayani dalla-dalla. Ya saurara har ta gama, sannan ya girgiza kai.

"'Yata, abu yana yawo a kanmu, rana ta doke shi, ruwa ya doke shi, yana yi mana hidima. Ya gaishe mu, mu tare shi da ƙorafi? Ranar da aka kawo shi ni na tara mutane na ce baƙo ne, kada in ji wani ya yi masa rashin kara."

"Baba, ba ya jin haushi. Na'ura ce."

"Ai mu muna jin kunya."

Inna Tabawa, matarsa, tana zaune a kan tabarma tun safe. Ta miƙe ta gyara mayafi.

"Malam, kai ka hana, kai ne kuma a kwance. Shekara uku ina haɗiye magana saboda kai. Ke yarinya, ina ake dannawa?"

Saude ta nuna mata. Inna Tabawa ta yi sallama, don ko faɗa za a yi ba a barin sallama, sannan ta buɗe baki. Ta gaya wa Mai-Rabo yadda 'yarta ta haihu a Maraɗi aka turo hoton jariri, ya sauko daga kai ya tsaya a hanci, kwana biyu ba ta ga bakin jikanta ba. Ta gaya masa yadda take hawa kan turmi a bayan rumbu, da tsufanta, don ta ji muryar ɗanta. Ta ƙare da idon mijinta. Ta share fuska ta fita, ta nufi injin niƙa inda mata ke taruwa.

Mata ba su sha wahala ba, ashe dama a cike suke. Maza ne abin kallo. Sai da liman ya yi sanarwa ta lasifikar masallaci cewa mai unguwa ya janye hani, ko da yake mai unguwa cewa ya yi kawai a yi abin da aka ga ya dace. Wani mahauci ya ɗauki minti biyu yana ba wayarsa haƙuri kafin ya iya furta cewa sabis ɗin yana ɗan nauyi. Saude tana zaune tana kallon ƙirga: ɗari biyu, ɗari uku da sittin, ɗari huɗu da hamsin da biyar. Fitilar shirwa ta koma ja. Lambar gudu ta yi tsalle daga uku zuwa tamanin, ta wuce ɗari biyu, ta zauna a ɗari biyu da arba'in.

Fuskar Dakta Mamuda ta motsa a allo, muryarsa ta fito tas. "Malama Kubura, ɗiga masa maganin. Mu fara."

Minti ashirin da biyar aka yi. Hannun ƙarfen bai yi rawa ko sau ɗaya ba. Da likitan ya ce ruwan ya sauka, jijiyar kuma tana da rai, Kubura ta zauna daɓas a kan kujera tana dariya da hawaye. Inna Tabawa ta yi hamdala ta fi a ƙirga. Sai a lokacin Saude ta ɗauki kofin ruwan da aka ajiye mata tun safe, ta shanye shi da ɗuminsa, ta ji sanyi har cikin ranta.

Tana haɗa kayanta Baba Cindo ya kira ta, idonsa a rufe da auduga.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka. Amma wannan da aka ƙara mana, daga wajen wa aka ɗebo?"

"Daga birni mana, Baba. Suna da shi har ya yi musu yawa."

Ta buɗe kwamfutar don ta tabbatar, sai murmushinta ya tsaya. Mai-Rabo bai taɓa birni ba, ai mutanen birni ba sa yin shiru a taɓa su. Daga maƙwabta ya tattaro, Tungar Gawo da sauran ƙauyukan gefen rafi, waɗanda ɗazu da azahar suka ce masa lafiya lau. Ta faɗaɗa taswirar. Ɗigo kore ɗari shida da arba'in, kowanne ƙauye guda, su ne aka nuna a babban allo ranar da aka ba ta lambar yabo, aka ce ba a taɓa ganin jama'a sun gamsu haka ba.

Ta gaya wa tsohon gaskiya. Sannan ta kira ofis ta ce a tara kwamiti gobe da safe, za ta buɗe abin da ta kulle, kuma kada a jira ta yau. Ta ɗauki hular kwano ta tambayi Kubura hanyar Tungar Gawo.

"In kin je ki fara da gidan ƙanwata Hansai," in ji Baba Cindo. "Ta fi Tabawa baki. Ki ce mata ni na ce ta faɗi gaskiya, ko da an gaishe ta."