In Ka Ji Ƙara, Ka Ɗaga Hannu

"Lafiyata lau! Ke ce dai kike magana kamar wadda ba ta karya ba."

Haka masoyina ya faɗa yana dariya, ni kuwa ko murmushi ban yi ba. Gwada jin mutane shi ne aikina a asibiti, kuma na daɗe da lura sai ya kalli bakina yake ba ni amsa. Shi ke kula da manyan injinan wata masana'anta, su ne suka turo shi gwaji. In kunne ya gaza, ba shi ba ɗakin inji. Da wannan aikin yake riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa, da shi kuma ake shirin aurenmu.

Na zaunar da shi a ɗan ɗakin gwaji, na sa masa abin saurare a kunnuwa, na koma bayan gilashi.

"In ka ji ƙara, ka ɗaga hannu."

Na danna maɓallin sauti, ya ɗaga. Na rage sauti, ya ɗaga. Na rage har inda mai lafiya ma sai ya yi da gaske, ya ɗaga! Daɗi ya fara kama ni... sai na lura da idonsa. Ba sauraro yake ba, kafaɗata yake kallo. Ashe duk na danna sai ta motsa, kuma wa ya san motsina kamar shi?

Na shiga na juya kujerarsa ta kalli bango. Na aika masa siririn sauti irin na tsuntsu. Shiru. Na ƙara, na sake ƙarawa, hannunsa na nan kan cinya.

"Datti ne ko?" ya tambaya da na fito da shi. "A wanke kawai."

"Ba datti ba ne, dodon kunnenka ma lafiya lau. Can ciki akwai wani abu kamar katantanwa, cike da ƙananan gashi masu kama sauti. Ƙarar inji ta kashe da yawansu... kuma ba sa sake tsirowa."

"To a ba ni magani!"

"Babu, rabin raina. Na'urar ji za ta taimaka, amma in ka koma ɗakin inji, ragowar ma tafiya za ta yi."

Ya riƙo hannuna.

"Ki ce musu na ci gwajin. Don Allah, hasken idona... wa zai sani? Umma fa? Yaran nan me za su ci?"

"Ka ce in tura ka ka kurmance da hannuna?"

"Kin san Umma. Ba za ta taɓa karɓar wadda ta raba ɗanta da abincinsa ba."

Na sani sarai. Ina kuka na ce, "Ba zan iya ba."

Ya daɗe yana kallon bakina, kamar yana fatan kuskure ya yi wajen karantawa. Sannan ya saki hannuna a hankali, ya fita.

Na bi shi har bakin ƙofa. Ina son mutumin nan kamar raina! Na ɗaga murya na kira shi, na sake kira, har marasa lafiya suka juyo suna kallona.

Shi kaɗai ne bai waiwayo ba. Har yau ban sani ba, ƙi ya yi ko kuwa bai ji ni ba.