Kwanon Kaka

Da ɓarna suka fara haɗuwa. Wenhai ya karyo kwana a babur, sai ga shi tsamo-tsamo cikin taliyar da Peiling ta shanya a ƙofar gida.

"Malam, idon naka na ado ne?" ta ce.

Ya ɗago da taliya rataye a kunne. Ita ta fara dariya. Daga ranar kullum sai ya zo ba da haƙuri, har haƙurin ya gaji ya koma hira.

Kakar Peiling, wadda ta raine ta, ita ce ta tsaya musu a wuya. Tambaya ɗaya ta yi masa: shekarunsa nawa?

"Ashirin da tara, Kaka."

"Tara? A'a! Ba a aure a kan tara."

Mu mutanen Quanzhou ta ƙasar Sin mun san wannan camfin, kuma wallahi tsohuwa in ta kafe sai haƙuri. Ga shi kamfaninsu zai tura Wenhai Singafo kafin sabuwar shekara, tafiyar da ba ta kusa ba. Ko ya tafi da mata, ko ya bar Peiling ga ɗan mai shagon shayi, wani sarkin iyayi da kullum yake kawo wa Kaka lemo.

Wenhai ya tura wa Peiling saƙo: "'Yar taliyata, na ga motarsa a ƙofarku. In an gama magana ki faɗa min, zan iya ɗauka."

"Ba za ka iya ba, maƙaryaci. Ni ma ba zan iya ba. Kaka ta ce ka zo gobe da safe."

Washegari ranar Dongzhi ce, bikin tsakiyar sanyi. Ya zo jiki a mace, ya gama sakankancewa sallamarsa za a yi. Kaka ko kallonsa ba ta yi ba, ta dire masa kwanon tangyuan, 'yan curin garin shinkafa ja da fari cikin ruwan citta mai zaƙi.

"Ci."

Ya ci da ƙyar. Peiling na bakin madafa tana murza gefen riga.

"Ka cinye?"

"Na cinye, Kaka."

"To, shekarunka nawa?"

"Ashirin da ta..."

"Kai, wannan yaro! A gidanku ba a faɗa maka duk wanda ya ci tangyuan ran Dongzhi ya ƙara shekara ba? Tun ina yarinya haka ake ƙirga."

Cokali ya suɓuce masa. "Talatin," ya ce a hankali. "Talatin, Kaka!"

Peiling ta sulale ƙasa, dariya da kuka a haɗe.

"Da kun ɗauka zan ba mai lemo jikata?" Kaka ta ce, tana goge ido da bayan hannu. "Je ka turo iyayenka. Ku zauna lafiya, ku tsufa tare. Kuma ka dinga kallon gabanka a kan babur."