Ranar Korar Jan-baki

A wani zamani an yi ƙananan hukumomi biyu da kogi ya raba, shugabanninsu ko gaisawa ba sa yi.

Da tsuntsaye jan-baki suka sauka a gonakin shinkafa, mutanen gabas suka kaɗa gwangwanaye, tsuntsayen suka tsallaka yamma. Washegari mutanen yamma suka kaɗa, tsuntsayen suka dawo gabas. Shinkafa kuwa tana ta ƙarewa.

Sai shugaban gabas ya shiga kwalekwale, ya je wurin abokin gabarsa.

Na yamma ya ce, "Dariya ka zo yi mini?"

"Wace dariya, Alhaji? Kiwonsu muke yi, yau ni, gobe kai. Zaɓi rana mu kaɗa tare."

"Alhamis. Amma gwangwanayenmu sun fi naku ƙara."

"Na yarda."

Ranar Alhamis tsuntsayen suka rasa wurin sauka, suka nufi daji.